Azumi da Addu'a Gabanin Yanke Babbar Shawara: Nazari Kan Al'adar Kiristoci Masu Jin Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi matsayin azumi da addu'a a wurin Kirista idan babbar shawara ta taso masa, kamar aure, ƙaura, karɓar kiran aikin bishara ko zaɓen shugaba. An bi labaran Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya da binciken masana kan yunwa, aka auna su da abin da ake yi yau a ikilisiyoyi masu sujada da Hausa. Matsayin takardar shi ne azumi mutum yake gyarawa, shi mai yanke shawarar. Amsar kuwa sai an haɗa da bincike da shawarar jama'a, kuma gara a yanke ta bayan an buɗe baki.

1.0 Gabatarwa



Daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Garkida zuwa Zuru, in aka sa Kirista a gaba da wata babbar magana, amsar da za a fara ji ita ce, "Bari in kai ta gaban Ubangiji." Bayan kwanaki sai ya dawo da ɗaya daga cikin biyu: ko "na sami salama" ko "ban sami salama ba." Tsakanin tafiyar da dawowar yawanci akwai azumi. Wani na wuni guda yake yi, daga shida na safe zuwa shida na yamma. Wani na kwana 3 ba ci ba sha, wanda ake dangantawa da Esta. Wani kuma na kwana 21 irin na Daniyel, wanda wasu majami'u, kamar Living Faith, suka mayar da shi abin buɗe shekara a watan Janairu. Katolika da Angilika suna da nasu na kwana 40 gabanin Ista, sai dai wannan na tuba ne da shiri, ba a ajiye shi don neman amsa kan wata matsala ba.

Kiristan ƙasar Hausa bai tashi cikin jama'ar da azumi baƙo ne a gare ta ba. Maƙwabcinsa Musulmi yana azumtar Ramadan, yana kuma istihara idan zai yi aure ko tafiya ko ciniki, raka'a biyu da addu'a, kuma malamansa suna nanata masa cewa ya haɗa da shawartar masana. Saboda haka a nan ba a gardama kan ko ya dace a nemi Allah kafin a yanke shawara. Kowa ya yarda. Abin tambaya shi ne me mai azumin yake sa ran samu, kuma me yake yi da abin da ya ce ya samu.

2.0 Ezra da Nehemiya: azumi iri ɗaya, shawara biyu

Zan daɗe a kan mutanen nan biyu, don a ganina babu inda Littafi Mai Tsarki ya warware wannan batu kamar a labarinsu. Dukansu Yahudawa ne a daular Farisa, dukansu sun tashi zuwa Urushalima da izinin sarki Artashate, dukansu sun yi azumi kafin su tashi. Bisa lissafin da aka fi bi, Ezra ya tafi a shekara ta 458 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya kuma a ta 445.

A sura ta 8 ta littafinsa, Ezra ya tara ayarinsa a bakin kogin Ahawa. Yana ɗauke da dukiyar Haikali mai yawan gaske, talanti 650 na azurfa da talanti 100 na zinariya, ban da kwanoni, ga mata da yara, ga hanyar wata 4 mai 'yan fashi. Ya faɗa da bakinsa cewa kunya ce ta hana shi roƙon sojoji, don ya riga ya gaya wa sarki cewa Allahnsu yana tsare masu nemansa. Sai ya sa aka yi azumi, suka tashi ba rakiya, suka isa lafiya. Mai wa'azi yakan tsaya a nan ya ce, kun ga bangaskiya. Amma a duba abin da Ezra ya yi a zangon nan. Ya ƙidaya mutanensa, ya tarar babu Lawiyawa, ya aika aka nemo su. Ya ware manyan firistoci 12, ya auna musu azurfa da zinariya a hannu, kowa ya san nauyin da ke wuyansa. Da suka isa aka sake aunawa, aka rubuta. Mutumin da ya bar tsaron hanya ga Allah bai yarda a ɗauki ko kwano ɗaya ba awo ba.

Nehemiya kuwa ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, ya zauna ya yi kuka, ya yi azumi da addu'a. Bai buɗe baki a gaban sarki ba sai a watan Nisan, wato bayan wajen wata 4. Ranar da sarki ya tambaye shi abin da yake so, amsoshinsa a shirye suke: ga tsawon lokacin da zai yi, ga wasiƙun da yake bukata zuwa ga gwamnonin ƙetaren kogi, ga wata zuwa ga Asaf mai tsaron kurmin sarki domin katako. Wanda ya san sunan mai tsaron kurmi ba kuka kaɗai ya yi ta yi cikin watannin nan ba. Sa'an nan sarki ya haɗa shi da hafsoshi da mahayan dawakai, ya karɓa, bai ji kunyar komai ba, ya ma lissafta alherin sarki cikin taimakon Allah.

To, ga mai azumi ya ƙi soja, ga mai azumi ya karɓi soja, Littafi kuma bai zargi ko ɗaya ba. Da a ce azumi hanya ce ta ciro amsa guda daga sama, da amsarsu ta zo ɗaya. Abin da ya zo ɗaya shi ne halinsu: kowannensu ya ƙasƙantar da kansa, ya dubi gaskiyar yanayinsa, ya ɗauki nauyin abin da ya zaɓa. Ezra ya riga ya yi furucin da ya ɗaure shi a gaban sarki arne. Nehemiya ma'aikacin fada ne da aka aika aikin gwamna. Yanayin ya bambanta, shawarar ta bambanta.

Labarin Esta ya ƙara fito da wannan. Ta sanar da Mordekai cewa za ta shiga wurin sarki, ko da za ta mutu, a cikin saƙon da ta nemi a yi azumin kwana 3. Wato shawarar ta riga ta yanku, ƙarfin zuciyar cika ta ake nema. Kuma da ta shiga ba ta zube tana kuka ba, ta sa kayan sarauta, ta shirya liyafa har sau biyu kafin ta ambaci Haman. A Antakiya ma, cikin Ayyukan Manzanni sura ta 13, annabawa da masu koyarwa 5 ne suke sujada da azumi tare sa'ad da aka ce a keɓe Barnaba da Shawulu. Ba mutum ɗaya ne ya fito daga ɗaki ya ce ya ji murya ba. Sun sake yin azumi kafin su ɗibiya musu hannu. Duk da haka, surori biyu gaba, mutanen nan biyu sun yi saɓani mai zafi a kan Yohanna Markus har suka rabu. Azumin Antakiya bai ɗauke musu wahalar zama da juna ba.

3.0 Inda azumi ya karkace

Littafin bai ɓoye ɗaya fuskar ba. Yezebel ce ta ba da umarni a yi shelar azumi a Yezreyel, a zaunar da Nabot a gaban jama'a, a kawo shaidun zur, a jajjefe shi, duk don gonar inabi. A Urushalima mutum fiye da 40 sun yi rantsuwa ba za su ci ba, ba za su sha ba, sai sun kashe Bulus. Waɗannan sun riga sun ƙulla abin da suke so, suka lulluɓe shi da azumi don kada a yi musu tambaya. Dawuda kuma da zuciya ɗaya ya yi azumi ya kwana a ƙasa saboda yaron da Batsheba ta haifa, yaron ya mutu a rana ta 7, ya tashi ya yi wanka ya yi sujada ya ci abinci. Ishaya sura ta 58 ta tsawata wa masu ƙorafin cewa sun yi azumi Allah bai kula ba, kamar waɗanda suka biya kuɗi ba a ba su kaya ba.

Kada kuma a ɗauka cewa bincike shi kaɗai ya isa. A Joshuwa sura ta 9 shugabannin Isra'ila sun duba busasshiyar gurasar Gibeyonawa da tsofaffin takalmansu, suka gamsu cewa daga nesa suke, suka ƙulla alkawari ba su nemi Ubangiji ba. Bayan kwana 3 suka gane maƙwabta ne.

4.0 Abin da tarihin ikilisiya ya koya da wahala

Tun farko ikilisiya ta riƙi azumi da tsari. Littafin Didake, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ya ajiye Laraba da Jumma'a, ya kuma ce mai karɓar baftisma da mai yi masa su yi azumi kafin ranar. John Calvin, a kashi na 4 na babban littafinsa na koyarwa, ya ba azumi amfani uku: horar da jiki, shirya zuciya domin addu'a, da nuna ƙasƙanci a gaban Allah. Ya ce ya dace a kira jama'a ga azumi idan za a zaɓi mai hidima ko an fuskanci al'amari mai wuya. Cikin ukun nan babu samun wahayi.

Labarin John Wesley ya cancanci a ba shi a kowace makarantar tauhidi. Yana saurayin limami a Sabana ta Jojiya, a Amurka, ya kamu da son wata budurwa, Sophia Hopkey, ya rasa yadda zai yi tsakanin aure da aikin da ya kawo shi. Ranar 4 ga Maris 1737, shi da abokinsa Charles Delamotte suka yi azumi da addu'a, suka tattauna, suka kasa cimma matsaya. Sai suka jefa ƙuri'a da takardu uku: a yi auren, a jinkirta shi wannan shekara, ko a bar maganar gaba ɗaya. Ta ukun ce ta fito. Wesley ya ce ya karɓa, amma zuciyarsa ba ta karɓa ba. Ranar 12 ga watan yarinyar ta auri William Williamson. A watan Agusta Wesley ya hana ta Jibin Ubangiji a gaban jama'a, aka kai shi ƙara, kawunta kuwa shi ne babban alƙalin garin, kuma a watan Disamba ya sulale ya bar Jojiya. Mutum ne mai tsoron Allah ƙwarai, wanda ya riƙi azumi har tsufansa. Amma a wannan karon ya nemi alama daga waje don ya guje wa tambayar da ke cikinsa, kuma ita yarinyar da maganar ta shafa ba ta cikin zaman.

Ignatius na Loyola, wanda ya kafa ƙungiyar Jesuit, ya bi ta wata hanyar. A Manresa ta Sifaniya, cikin 1522 zuwa 1523, ya taɓa yin mako guda cur bai ci komai ba, yana neman Allah ya raba shi da waswasi, har sai da limamin da yake furta wa zunubi ya umarce shi ya ci. Tsananin horon nan ya bar masa ciwon ciki har ƙarshen ransa. Shi ne kuma ya zo ya rubuta ƙa'idojin zaɓi a littafinsa na atisayen ruhaniya, wanda Paparoma Paul na 3 ya amince da shi a 1548. A ciki ya ce kada mutum ya sauya shawara a lokacin da ransa yake cikin duhu da ƙunci. Ya ce idan babu wani haske bayyananne, a jira lokacin natsuwa, a jera amfani da illar kowane ɓangare, mutum ya tambayi kansa me zai gaya wa baƙon da ya zo masa da irin wannan matsala, da abin da zai so a ce ya zaɓa ranar da yake kan gadon mutuwa. Wanda ya fi kowa sanin azumi mai tsanani shi ne ya mayar da mutane ga natsuwa da lissafi.

5.0 Yunwa da hankali

Jiki yana da nasa hukunci. Sukarin da hanta take ajiyewa yakan ƙare cikin wajen yini da kwana, daga nan jiki ya koma ƙona kitse. A tsakanin nan ne ake samun ciwon kai, jiri, saurin fushi da barci marar nauyi mai yawan mafarki. Wanda ya kwanta da sunan wata a ransa, cikinsa ba komai, ba abin mamaki ba ne ya gan ta a mafarki.

A 2019 masu bincike a Jami'ar Dundee ta Sikotilan suka gwada mutum 50, sau ɗaya a ƙoshe, sau ɗaya da yunwa. A ƙoshe suna iya jiran kwana 35 don a ninka musu ladan abinci, da yunwa kuwa kwana 3 kawai, kuma gajen haƙurin ya tsallaka har zuwa shawarar kuɗi. Wani binciken na Jami'ar Utrecht ta Holan a 2014 ya sami akasin haka a wani wasan kati, inda masu yunwa suka fi iya zaɓi. Masana ba su gama daidaitawa ba, amma duka biyun sun nuna cewa yunwa tana taɓa ma'aunin da mutum yake auna abu da shi. Mai karatun Farawa ya riga ya san wannan daga Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda kwanon fate. Iliya ma, da ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa, mala'ika bai tattauna makomarsa da shi ba. Abinci ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, ya sake ba shi. Maganar aiki sai a Horeb. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wannan bai rage darajar azumi ba. Mai azumi yana janye kansa daga hayaniya, yana samun sa'o'in da girki da ci suke cinyewa, yana kuma ganin abin da ke mulkinsa, don yunwa takan tono fushi da kwaɗayi da tsoron da ƙoshi ya binne. Wanda ya gano a rana ta biyu cewa albashin ne yake jansa, ba kiran ba, ya sami babban abu. Sai dai ya rubuta abin da ya gano, ya buɗe baki, ya yi barci, ya sake dubawa.

6.0 A ofishin fasto

Duk faston da ya daɗe a aiki ya san wannan zama. Saurayi da budurwa a kan benci, takardar asibiti a ninke huɗu a hannun yarinyar, dukansu AS. Fasto ya gyara tabarau ya ce, "'Yata, kin gane abin da takardar nan take faɗi?" Ta sunkuyar da kai. Saurayin ne yake amsawa: "Baba, mun yi azumin kwana bakwai, Ubangiji ya nuna mana ita ce. Jininmu zai canja." Daga nan bakin kowa ya mutu, don wa zai yi gardama da Ubangiji? Dattijon kwamitin aure da ya binne 'ya'ya biyu saboda sikila yana zaune, ya kasa cewa komai.

Lissafin kuwa a bayyane yake. Idan iyaye biyu AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, wato sikila, kuma cikin fari ba ya rage wa na biyu haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 da cutar a Nijeriya kowace shekara. Ba na cewa ikilisiya ta ƙwace wa baligai biyu 'yancin zaɓi. Ina cewa kalmar "Ubangiji ya nuna mini" ba ta da ikon rufe zaman shawara, domin Sabon Alkawari kansa ya ce a gwada ruhohi, a kuma auna abin da annabawa suka faɗa. Kuskuren ma tun daga jerin abubuwa yake: an bar gwajin jini sai bayan an kai kayan gaisuwa, an sa rana, zukata sun ƙullu, sa'an nan aka shiga azumi don a sami izinin abin da aka riga aka gama. A yi gwajin tun ana gaisawa a bakin coci, azumin zai sami abin yi na gaskiya.

Shawara mafi nauyi da Kiristocin arewa maso gabas suka fuskanta a zamaninmu ita ce ta komawa gida. Bayan sace 'yan mata 276 a Chibok cikin Afrilun 2014, waɗanda akasarinsu 'ya'yan ikilisiyar EYN ne, da kuma kama hedikwatar ikilisiyar a Kwarhi ranar 29 ga Oktoba na shekarar, dubban iyalai sun watsu zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru. Da ƙura ta fara lafawa, kowane magidanci ya tsaya inda Ezra da Nehemiya suka tsaya. Wani ya yi azumi ya koma gonarsa. Wani ya yi azumi ya zauna inda yara suka sami makaranta. Kada mu kira na farko mai ganganci, kada mu kira na biyu marar bangaskiya. Abin da za a tambayi kowannensu shi ne ko ya ji ta bakin waɗanda suka riga shi zuwa, da ta bakin matarsa, wadda ita ce za ta je rafi da daji.

Zaɓen shugabannin ikilisiya ba sai na ja shi ba, mun san juna. Idan an gama raba ƙuri'u bisa ƙabila da dare, azumin da aka kira da safe ya fi kusa da na Yezreyel fiye da na Antakiya.

7.0 Kira

Ina roƙon iyayenmu fastoci da malaman makarantun Littafi Mai Tsarki da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su riƙa koyar da azumi tare da iyakarsa. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa kada a ɗora musu azumin ba ci ba sha, balle a zafin Maris da Afrilu. Cocin Katolika ma 'yan shekara 18 zuwa 59 kaɗai ta wajabta wa azumi, a ranaku biyu rak, Larabar Toka da Jumma'a Mai Kyau. Gawarwaki fiye da 400 da aka tono a dajin Shakahola na Kenya tun daga 2023, akasarinsu na mabiyan da aka sa su yi azumi har mutuwa, sun nuna inda ake ƙarewa idan mutum ɗaya ya zama shi kaɗai ke jin murya.

Idan ɗan ikilisiya ya zo ya ce zai shiga azumi kan aure ko aiki ko ƙaura, a tambaye shi abin da ya riga ya bincika, da wanda ya shawarta, da ko a shirye yake ya ji "a'a." A haɗa shi da mutum biyu ko uku da za su yi azumin tare da shi, waɗanda ba sa jin nauyin gaya masa gaskiya, tun da shawara ɗaukar ɗaki ce. A kuma sa masa ranar yanke magana bayan ya ci ya huta, a gaban waɗanda abin zai shafa.